Giɓin Memori da Magagarin Baba

Abin da na fara gani da muka shiga shagon shi ne farantin. Na silba ne, irin wanda Mma, mahaifiyata, ke zuba gyaɗa a ciki idan za ta tsince, sai dai wannan cike yake da wasu 'yan falankai koraye, dogaye da gajeru, kowanne da jerin haƙoran zinariya a gefe ɗaya. An ɗaure wasu da roba, wasu kuma a warwatse suke. Wani ƙuda yana ta sauka a kansu yana tashi. Na tsaya ina kallonsa don kada in kalli mai shagon, domin ni tun ina ƙarama gaisawa da baƙo ta fi mini ɗibar ruwa wuya.

Baba ne ya goyo ni a babur daga gidanmu na Lamashegu, ina rungume da kwamfuta a cikin zanen Mma. Laftof ce tsohuwa da yayata ta bar mini lokacin da aka tura ta aikin jinya wani gari mai nisa. Haruffa uku na madannanta sun goge, an manne kusurwar marfin da salatif. Idan na kunna ta da safe, sai in je bakin layi in sayo koko in dawo, ita ba ta gama farkawa ba. Da can ban damu ba. Amma a zangon karatun nan malamin kwamfuta ya ba mu aiki: kowa ya gina 'yar manhajar da za ta riƙe sunayen littattafan ɗakin karatu, wa ya ara, wa ya mayar. Ya ce ajin ya yi yawa, kwamfutocin makaranta ba sa isa, saboda haka duk wanda bai miƙa aikinsa nan da Juma'a uku ba, baɗi za a mayar da shi wani darasin. Ajin kwamfuta shi ne kaɗai ajin da ba a taɓa cewa in miƙe in yi magana ba. Zama za ki yi, ki yi aikinki, gilashin kwamfuta ya nuna wa malam abin da kika iya. Ba na so a fitar da ni.

Manhajar da ake gina aikin da ita kuwa, da zarar na buɗe ta sai kwamfutata ta sandare. Malam ya duba, ya ce memori ne ya yi mata kaɗan, giga biyu ne kawai, in je a ƙara.

Mai shagon mace ce, 'yar ƙabilar Dagomba, ta ɗora tabarau a kan ɗankwali. Baba ne ke gyara mata babur, shi ya sa ya san wurin. Hausarta ta kasuwa ce, namiji da mace duk ɗaya ne a bakinta.

"Masta fita! Yau kai ne a gareji na?" ta ce, da sunan da suke kiran babban bakanike. "Baburinka yana zuba mai a ƙofar shago na, kai da kake gyara na mutane."

"Alama ce yana da mai," in ji Baba. "Madam, ki bar tsiya. 'Yarki ce injinta ba ya ja."

"Yarinya, kawo shi mu gani."

Na miƙa mata ba tare da na ɗago ba. Ta kife kwamfutar a kan wani tsumma, ta kwance kusoshi, tana jera su a cikin marfin kwalba. Da ta ɗaga murfin sai na ga irin abin farantin nan a kwance a ciki, gajere, wasu ƙarafa biyu sirara sun riƙe shi. Ta buɗa su da farce, ya ɗago kansa da kansa.

"To wannan ɗan abin ne yake hana yarinya barci?" in ji Baba. "Ina ake zuba karatun a cikinsa?"

"Ba nan ake zuba karatu ba. Karatu yana ɗakin ajiya, ga shi can." Ta nuna wani ƙarfe mai faɗi. "Masta, idan ka kwance inji, ina kake jera kayan?"

"A kan buhu."

"Idan buhun ƙarami ne fa?"

"Sai in riƙa ɗauke wani ina ajiye wani, rana ta faɗi ban gama ba."

"To wannan shi ne buhun. Na yarinya kamar hankici yake."

Baba ya yi dariya har yana buga cinya. Na ga abin ya shige shi sosai. Daga baya na sha tunanin ko ya shige shi fiye da kima, domin daga ranar ya ɗauki memori a matsayin ɗaya daga cikin kayan garejinsa.

Ta jawo farantin ta fara tonawa. Dogayen ta ture gefe, ta ce na kwamfutar tebur ne, irin na makarantarmu. Cikin gajerun ma kala-kala ne: akwai mai lamba biyu, mai lamba uku, mai lamba huɗu, kowanne da zamaninsa. Ta ɗora biyu a kan juna ta ɗaga su saitin ƙofa. A cikin jerin haƙoran kowanne akwai giɓi guda, kuma giɓin wannan bai zo daidai da na wancan ba. A cikin gurbin kwamfutar akwai ɗan tudu wanda dole ya faɗa cikin giɓin. Namu mai lamba uku ne. Ta sami wani mai lamba uku na giga huɗu, ya shiga ƙyas, ta kunna. Fanka ta juya, ƙaramar fitila ta kama, gilashin ya tsaya baƙi ƙirin. Muka jira. Ta cire, ta sauko da tabarau, ta kara takardar jikin namu da ta jikin nata.

"Ka gani? Naku yana da L bayan uku. Wannan ba shi da shi. Mai L wuta kaɗan yake sha, kuma injin nan ba ya ba da fiye da haka. Gurbi ɗaya ne da shi ma, ba za a haɗa biyu ba. Sai an samu mai L babba."

"Ki duba ƙasan farantin," in ji Baba.

"Na duba. Kaya na zuwa daga Kumasi sati mai zuwa."

Baba ya ja tsaki a hankali. Ya san wannan maganar, shi ma yana yi wa mutane ita.

Kafin ta mayar da namu, na yi abin da har yanzu nake mamakin yadda na iya. Na ciro littafin lissafi, na ɗora memorin a shafin ƙarshe, na zagaye shi da fensir, na sa alama a wurin giɓin, na kwafe duk rubutun jikinsa har da waɗanda ban gane ba. Ta tsaya tana kallona. Da na gama ta karɓa ta mayar.

Sati mai zuwan ya zo, kaya ba su zo ba. Na koma ranar Litinin, ta ce motar kayan ta lalace a hanya. Na koma ranar Alhamis, ta ce mai aiko kayan ya tafi jana'iza, kuma jana'izar mutanen can ba ta kwana ɗaya ba ce. Lokacin zafi ne, irin zafin da kwalta ke kama takalmi. Ana tashinmu daga makaranta ƙarfe uku, in ɗauki jaka in kama hanya, igiyar takalmina ta dama tana cin bayan ƙafata a wuri ɗaya kullum.

A makaranta kowa na samun kwata ɗin awa a kan kwamfuta, idan akwai wuta. Kafin in zauna, in buɗe, in tuna inda na tsaya, na bayana ya fara taɓa kujerar. Ranar da aka ɗauke wuta kuwa sai malam ya zana mana gilashin kwamfuta a allo da alli, ya ce mu ɗauka mun danna nan. Na rubuta kusan dukan aikin a takarda, layi bayan layi, amma takarda ba ta faɗa miki inda kika yi kuskure.

Sai na fara bin shaguna ni kaɗai da zanena. Ban gaya wa kowa a gida ba, nakan ce darasin yamma muka yi. Hanyar da na samu ita ce in yi sallama, in buɗe littafin a shafin ƙarshe, in ajiye a kan tebur. Zanen ya yi maganar, ni in tsaya. A Gurugu wani ya ba ni dogo na kwamfutar tebur, ya ce ai duk memori ne. Na ɗora shi a kan zanen, ya wuce ta kowane gefe, na ture masa abinsa a hankali. Wani ya fito da wani dogon mai nauyi, ya ce daga babbar na'urar wani ofis aka ciro shi, ba ya kuskure, ba ya gajiya. Na ƙirga 'yan baƙaƙen duwatsun jikinsa na ga sun fi na sauran da guda. Kyakkyawa ne, amma ba nawa ba. Wani mai gyaran waya ya ce wayar hannunsa ta ninka kwamfutata memori sau uku. Na ce a raina to a ciro mini mana. Kamar ya ji, ya nuna mini cikin wata waya da ya buɗe, ya ce na waya a manne yake da dalma, da shi aka haife ta, da shi za ta mutu.

Cikin kwanakin nan na koyi karanta 'yar takardar jikinsu tun daga nesa. Lambar farko girman buhun ce. Ta biyu zamaninsa. Ta ƙarshe saurinsa, kuma wani dattijo mai shago ya ce kada in damu da ita, ko na sa mai gudu, injina tafiyarsa zai yi. Na koyi cewa babba ba shi ne mai kyau ba, sabo ma ba shi ne mai kyau ba, sai wanda aka yi gurbin dominsa. Wannan duk na koya, memorin dai ban samu ba. In dawo gida ƙafa ta kumbura, Mma ta ce darasin yamman nan zai ƙarar da ni, in yi wanke-wanke, in kwanta ina ganin koren abu a cikin idona.

Ranar Asabar ta biyu na hau yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, har Nyanshegu, inda ban taɓa zuwa ni kaɗai ba. A wani ɗan ƙaramin shago kusa da masu sayar da katako, wani mutum mai furfura a gemu ya dubi zanena, ya buɗe aljihun tebur, ya fito da wani a cikin ambulan. Na ɗora. Ya zauna a kan layin fensir kamar shi na zana. Giga huɗu, lamba uku, ga L ɗin nan tsaye.

"Ba na sayarwa ba ne, 'yata," ya ce. "Shi kaɗai ya rage mini, da shi nake gwada injinan mutane. Irinsa ya daina zuwa sosai." Ya ga ban motsa ba. Ya nuna wata sabuwar laftof a kan kanta, an rufe ta da leda. "Waccan ta wani malamin asibiti ce, lamba huɗu take jira, ya hana ni sakat da waya. Idan kin samo mini lamba huɗu mai lafiya, ki kawo mu yi musaya. Amma mai lafiya."

Na gyaɗa kai na mayar masa. A hanyar dawowa ban ma duba titi ba. Ina zan sami lamba huɗu, ni da na kasa samun uku?

A nan sai na faɗi wani abu game da Baba. A garejinsu ba a cewa abu bai yi daidai ba. Kayan babur suna zuwa daga ƙasashe daban-daban, na wannan kamfani ba ya shiga na wancan, mai babur kuma yana tsaye yana jira ya koma neman abinci. To sai a ɗauko magagari. A goge nan, a rage can, a faɗaɗa rami, a buga, ya shiga, babur ya tashi. Baba ya yi suna a kan wannan. Daga wasu garejin ma aiko masa ake yi da abin da ya ƙi shiga. A gidanmu makullin ɗakin Mma na wani kwaɗo ne daban, Baba ya goge shi har ya buɗe. Marfin tukunyar tuwonmu na wata tukunyar ce. Magagarinsa ƙarami, mai ƙotar katako da ta yi baƙi da gumi, yana aljihun rigar aikinsa ko da yaushe, kusa da carbi. Ban taɓa ganin ya goge abu ya ƙi aiki ba.

Ranar Talata, saura kwana uku, ya dawo gida da wuri, bayan la'asar kaɗan. Tun daga ƙofa yake kirana. Ina tsakar gida ina tankaɗe garin masara, Mma tana hura wuta.

"Ina 'yar bokon? Ajiye rariyar nan, wahalarki ta ƙare."

Ya zauna a kan benci, ya ciro wani abu a naɗe cikin takardar burodi. Wani direban yalo-yalo ne ya ba shi, ya ce laftof ɗin ƙaninsa ta faɗi ta fashe, wannan ne ya tsira. Baba ya warware takardar a hankali, yana kallon fuskata.

"Karanta wa uwarki. Nawa aka rubuta?"

"Takwas," na ce.

"Takwas! Madam tana ta yi mana yanga da huɗu, tana Kumasi, Kumasi. Ga takwas har gida. Sabo ne ma, yaron ya ce na zamanin nan ne."

Mma ta baro murhu tana goge hannu a zani. "Allah ya ƙara buɗi, Malam. Ni dai yarinyar nan ta huta da yawon darasin yamma, dubi wuyanta."

Ban buƙaci littafina ba. Daga inda nake tsaye na ga lamba huɗu, na ga giɓin ya matso tsakiya. Abin da mutumin Nyanshegu ke nema ne a tafin hannun Baba, lafiyayye, haƙoransa na ƙyalli. Abin da ya rage kawai in buɗe baki. Amma maganar doguwa ce. Sai na ce ba zai shiga ba, a gaban Mma, bayan ta gama sa masa albarka. Sai na ce akwai wani mutum a Nyanshegu. Sai a ce yaushe na je Nyanshegu, da wa, wane darasi ne ake yi a can. Na fara jera kalmomin a raina, ina neman wadda zan sa a gaba.

"Ɗauko injin," ya ce.

Na ɗauko. Na ce a raina idan ya gwada ya ga bai shiga ba, maganar za ta zo da sauƙi. Ya kwance kusoshin da bakin wuƙar Mma, ya buɗa ƙarafan da farce daidai yadda ya ga an yi, bai manta komai ba. Ya kara sabon a bakin gurbin. Ya ƙi. Ya juya shi, ya ƙi. Bai matsa masa ba, Baba ba ya yi wa abu ƙarfi. Ya ɗora sabon a kan tsohon, ya ɗaga su saitin hasken yamma, ya rufe ido ɗaya.

"Af," ya ce. "Ɗan wannan ne? Tsawon ya ɗara da ƙwayar shinkafa, giɓin kuma ya goce. Shi ne duk abin?"

Hannunsa ya tafi aljihu.

"Baba," na ce.

"Na sani, na sani. Kwantar da hankalinki, ba zan taɓa injinki ba. Wannan zan gyara."

"Baba, akwai..."

"Bar mahaifinki ya yi aikinsa," in ji Mma, ta koma wurin wuta.

Ya sa alama da bakin ƙusa, ya danne memorin a gefen benci da babban yatsa. Gugar farko ƙararta kaɗan ce, kamar an ja ashana ba ta kama ba. Na ga haƙora biyu sun tafi. Daga nan babu sauran abin da zan ce game da Nyanshegu. Garin kore da ɗan ƙyalli-ƙyallin zinariya yana zuba a kan wandonsa. Yana gogewa yana hurewa, yana karawa da tsohon, yana ƙara gogewa. Aikin ya yi kyau. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Sabon giɓin ya fita sumul, gefen da ya rage ya miƙe kamar daga kamfani. Ya ɗauki kusan rabin awa, kaji suna zagaya ƙafarsa.

Ya hure shi karo na ƙarshe, ya goge a hannun riga, ya miƙo hannu wajen kwamfutar.

Ban san lokacin da na ɗauke ta daga kan bencin ba. Na ji ta dai a ƙirjina, cikinta a buɗe, na rungume da hannu biyu.

"Kawo mana."

"A'a, Baba."

Mma ta juyo da muciya a hannu. Ban taɓa ce masa a'a ba, ko a kan abinci.

"Zai shiga," na ce. "Amma haƙoran ba ɗaya ba ne. Kowane haƙori da aikinsa. Na wuta zai hau inda ba na wuta ba. Idan ta ƙone, babu wata."

"Shekara talatin ina sa abu yana shiga," ya ce. Ba da faɗa ya faɗa ba.

"Na sani, Baba."

"Ke kika ga an yi ta ƙone?"

"Ban gani ba. Amma giɓin don haka aka yi shi. Don kada ya shiga."

Ya dube ni, ya dubi abin hannunsa. Sai ya naɗe shi a takardar burodin, ya mayar da magagarin aljihu, ya kakkaɓe wandonsa, ya ɗauki buta. Ya tafi sallar magariba. Na mayar da tsohon memorin, na ɗaure kusoshin. Ɗaya ya ɓace a tsakar gida, ban same shi ba.

Washegari da aka tashe mu na tarar da shi a ƙofar makaranta a kan babur, da rigar aiki. Bai taɓa zuwa ɗaukata ba. Na hau, muka tafi shagon Madam. Ya ajiye takardar burodin a gabanta.

Ta warware, ta sauko da tabarau, ta juya shi gaba da baya. Na ga kumatunta sun fara motsi, tana danne dariya.

"Masta fita," ta ce. "Wallahi hannunka yana da kyau. Ko injin kamfani bai yanka haka ba."

"Zai yi ko ba zai yi ba?"

"Kun sa shi?"

"Ta hana."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Da ka sa, da yanzu muna yi wa injin addu'a. Wannan kuwa ya mutu, ko nasa gurbin ba zai karɓe shi ba. Giga takwas, Masta! Da ka kawo shi da rai, ai ko ina za a yi maka musaya."

Baba ya shafa gemu. "Kayan Kumasi fa?"

"Sun ce Asabar."

"Juma'a ne aikinta."

"Na sani."

Baba ya ce bari ya duba baburinsa, yana jin kamar ya bar mai a buɗe. Ya fita. Ta cikin labulen roba ina hango shi zaune a kan sirdi, ya juya wa shagon baya, hannuwansa a kan gwiwa.

Shagon ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Na gaji har ba na jin kunyar kamar kullum, kamar ita ma ta gaji ta zauna. A kusurwa, bayan tarin caja, akwai kwamfutar tebur wadda take kwafe wa mutane hotuna da ita. Gefenta a buɗe yake saboda zafi, kuma tun zuwana na biyu na lura da dogaye biyu a tsaye a cikinta, na karanta takardar jikinsu: takwas da takwas. Duk zuwan da na yi ban taɓa ganin kowa a kujerarta ba bayan ƙarfe uku. Aikina yana cikin jaka, a rubuce a takarda, shafi goma sha ɗaya. Yau da gobe ne suka rage, daga tashin makaranta zuwa rufe shago.

Ta jefa memorin Baba a cikin wani gwangwani, ta ɗauki sukurudireba za ta koma kan aikinta. Na matsa kusa da teburin har cikina ya taɓa shi, na ɗago kai na dube ta.

"Anti," na ce, "don Allah ki ara mini waccan kwamfutar, yau da gobe, har lokacin da za ki rufe. Ba zan taɓa komai naki ba. Zan zauna ne kawai in buga aikina."